Yadda Za Ka Buɗe Cikin Gara Ka Ga Masu Cin Itacen, Ka Kuma Bi Salsalarsu

Sati uku na yi ina farke cikin gara ban ga abin da nake nema ba. Kullum da sassafe sai in zaga bayan gonar wani maƙwabcinmu inda akwai wani ƙaton suri, in sari gefensa da fartanya, in kwashi gara a gwangwanin madara, sojojin zago suna cizon yatsuna har jini. In na iso ɗakin gwaji in zare hanjin, in ɗora a ƙarƙashin madubin likita, ba abin da zan gani sai burbushin ciyawa da bakteriya suna ɗan motsi. Alhali hotunan da ke gabana sun nuna wasu ƙananan halittu masu narkar wa gara da itace, buzu-buzu da gashi, cunkushe kamar kasuwa ranar jajiberin salla. Na zargi madubin, na zargi ruwan gishirin, har idona sai da na zarga. Ashe garar ce ba ita ba.

Saboda haka daga nan zan fara, tunda nan ne mutumin arewa zai fi faɗawa rami.

Garar suri ba ta da su

Nau'in gara a duniya ya kai wajen 3,000, kuma masana sun raba su gida biyu. Akwai babban gidan da ake kira Termitidae, wanda ya ƙunshi kusan kashi 70 cikin 100 na dukkan nau'o'in, sannan akwai sauran tsofaffin gidaje. Halittun da muke nema, wato furotozowa masu ƙwaya ɗaya da ke iyo da bulala suna narkar da itace, a cikin tsofaffin gidajen nan kawai suke. 'Yan Termitidae sun rabu da su tun shekaru miliyoyi da suka wuce, sun kama wata hanyar. To kusan duk garar da muka tashi muka sani a ƙasar Hausa 'yar Termitidae ce. Macrotermes mai gina dogon suri, wadda shingenta ke fitowa bayan ruwan farko yara su yi ta kamawa a gindin fitila, ita noma take yi: tana shuka naman gwari mai suna Termitomyces a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, shi ke taya ta sarrafa abinci. Microtermes da ke shiga saiwar gyaɗa ita ma haka. Trinervitermes mai soja mai tsinin hanci, wadda ke tara ciyawa a ƙananan jiba, ita ma 'yar gidan ce. Ko shekara za ka yi kana fasa su, ba za ka ga Trichonympha, ɗaya daga manyan furotozowan nan, ko ɗaya ba.

Waɗanda za ka nema iri uku ne. Ta farko garar busasshen katako, Cryptotermes, wadda ba ta taɓa ƙasa sam, a cikin kujera ko ƙofa ko katakon rufi take zamanta har ta mutu. Nau'in Cryptotermes havilandi ɗan asalin Afirka ta Yamma ne, ya fi yawa a kudu inda akwai laima. Alamarta ba ta ɓuya: za ka tarar da kashinta ya taru a ƙarƙashin katakon, busassun ƙwayoyi kamar acca, kuma in ka duba ɗaya da gilashin ƙara girma za ka ga gefe shida gare ta. Ni nawa na farko daga wata tsohuwar kujera na samu, wadda wani kafinta ya ce an kawo masa daga kudu a gyara. Da ya ga ina tattara garin da ke zubowa a takarda sai ya ce, "Malam, lafiya kuwa?" Na ba shi kuɗin goro ya sare mini ƙafar kujerar da ta riga ta mutu.

Ta biyu Coptotermes, mai cin cikin bishiya tana tsaye da katakon da ya taɓa ƙasa mai damshi. Sojanta yana da kai mai siffar ƙwai, in ka tsokane shi sai ya fitar da ɗigon farin ruwa kamar madara ta wata 'yar ƙofa a goshinsa. Ta uku Psammotermes, garar yashi, wadda ke zaune a Sahara da gefenta. Wanda ke can arewa inda yashi ya fi laka yawa, ya duba gindin dirka da shingen da aka kafa a rairayi.

Ko wacce ka samu, ka ɗauko ta da itacenta, ka zuba a kwalba ko roba mai kauri, ka ajiye a inuwa. Zafi yana kashe abin da ke cikinta kafin ya kashe ta. L. R. Cleveland ya nuna haka a Amurka tun a shekarun 1920: ya ajiye gara a zafin digiri 36 na kwana ɗaya, furotozowan suka mutu, garar ta rayu, ta ci gaba da gaigayar itace, amma cikin 'yan makonni yunwa ta kashe ta da ciki cike. Digiri 36 kuwa a wurinmu ai abin yau da kullum ne a watan Afrilu. In ka bar kwalbar a but ɗin mota ka shiga masallaci, ka gama da aikin.

Kafin ka taɓa komai, ware sojoji biyar ko shida ka jefa a kwalbar etanol, ka rubuta gari da kwanan wata da irin itacen da fensir a 'yar takarda ka tura ciki. Fensir, domin tawadar biro narkewa take yi. Da kan soja ake gane nau'in gara, kuma duk wanda ya zo da labarin furotozowa bai san garar da ya ciro su ba, kamar wanda ya tsinci yaro ne a kasuwa bai tambayi unguwarsu ba.

Zare hanjin

Kayan aikin ba su da yawa. Madubin likita irin wanda ake duba zazzaɓin cizon sauro da shi ya isa. Sai gilashin ɗora samfuri da siririn murfinsa, matsefata biyu masu tsinin baki sosai, allura, man basilin, da ruwan gishiri. Ruwan gishirin da ake ƙara wa marasa lafiya kashi 0.9 cikin 100 ne, ya ɗan yi musu ƙarfi. Ɗebi sirinji biyu nasa ka haɗa da sirinji ɗaya na tataccen ruwa, ka samu 0.6, wanda suka fi jurewa. Kada ka yi amfani da ruwan famfo zalla, kumbura za su yi su fashe kana kallo.

Zaɓi lebura, ba soja ba, kuma wanda cikinsa ya yi duhu, launin itacen da yake ci. In ka ga wanda ya yi fari fat kamar madara, bar shi, saɓa yake shirin yi ko bai daɗe da yi ba. Gara in za ta yi saɓa tana zubar da abin da ke tumbinta, furotozowan su tafi, sai daga baya ta je ta tsotsi ruwan da ke fitowa daga duburar 'yar'uwarta ta mayar da su. Jaririn gara ma haka yake samun nasa, domin ba a ƙyanƙyashe shi da su. Riƙe wannan a ranka, za mu dawo kansa, don shi ne ginshiƙin maganar salsala gaba ɗaya.

Ɗora leburan a kan ƙanƙara na minti ɗaya ko biyu ya daina motsi. Ɗiga ruwan gishiri ɗigo ɗaya a gilashi. Kama shi ta ƙirji da matsefata ɗaya, ka kama can ƙarshen bayansa da ɗayar, ka ja a hankali. Hanjin zai biyo baya kamar zare, kuma a jikinsa za ka ga wani wuri ya kumbura, ruwan ƙasa-ƙasa. Tumbin ke nan. Sa shi cikin ɗigon, ka huda da allura, za ka ga wani abu kamar kunu ya bazu. Rufe da murfin gilashi nan take, ka shafe gefunan huɗu da basilin.

Gaggawar nan tana da dalili. Iskar oksijin guba ce a wurin waɗannan halittu. Tsakiyar tumbin gara babu oksijin, haka suka saba. Na farkon da na yi daidai, na tsaya neman murfin gilashi a aljihun tebur, kafin in dawo rabinsu sun dunƙule sun zama ƙwallo. Basilin ɗin zai ƙara maka lokaci, amma ka ɗauka mintoci gare ka, ba yini ba. Ka gyara hasken madubin tun kafin ka kama garar: rage hasken, ka tsuke ƙofarsa ta ƙasa, domin jikinsu garai yake kamar ruwa, haske mai yawa shanye su yake yi. Fara da ƙaramin ido mai lamba 10, ka koma 40 in ka zaɓi wanda za ka bi. Ɗora kyamarar waya a bakin madubin ka ɗauki bidiyo, ya fi hoto amfani nesa ba kusa ba, saboda yanayin iyon kowanne yana cikin abin da ake gane shi da shi.

Ranar da na fara gani, ni kaɗai ne a ɗakin amma sai da na yi salati da ƙarfi. Filin madubin gaba ɗaya motsi yake, babu masaka tsinke. A garar kujerar nan akwai wasu dogaye masu siffar ganyen darbejiya, da bulala uku a gaba da wata mai kauri tana jan baya, su ne Devescovina. Akwai wasu masu siffar tulu da kansu ya cika da cibiyoyi birjik (cibiya ita ce ɗakin da ƙwaya ke ajiye DNA ɗinta), kowace cibiya da 'yan bulalinta, dangin Stephanonympha da Calonympha ke nan, ƙwaya ɗaya amma cibiya da yawa. Na kalli ɗaya yana juyawa a hankali, gutsattsarin katako suna ƙyalli a bayansa kamar fasassun kwalabe a cikin leda. Katakon kujerar ne, a cikin cikin wanda ke cikin cikin gara. In ka kankare bangon tumbin da allura za ka iya samun Oxymonas, wanda ke maƙale da bango da wani dogon hannu, da wata sanda a tsakiyar jikinsa. A Coptotermes kuwa ƙaton gidan shi ne Pseudotrichonympha, dogo kamar sandar rake, gashi tun daga kai har kusan wutsiya, girmansa ya kai ka hango shi da ido kamar ƙura in ka ɗaga gilashin a haske. Kusa da shi za ka ga Holomastigotoides, mai layukan gashi a murɗe kamar igiya.

Zana abin da ka gani, ko da zanenka bai fi na ɗan firamare ba. Ƙirga bulala in sun ƙirgu, duba ko cibiya ɗaya ce ko da yawa, duba ko akwai sanda a tsakiya.

Inda ido ke yaudara

Joseph Leidy, masanin Filadelfiya, shi ya raɗa wa Trichonympha suna a 1877, ya kuma ɗauka cuta ce ke damun garar. Daga lokacinsa har kusan ƙarshen ƙarni na 20, da ido aka riƙa rarraba su. Kuma tsarin da aka yi yana da ma'ana in ka kalle shi: masu 'yan bulala kaɗan gida ɗaya, masu gashi ɗaruruwa ko dubbai a wani gidan da aka kira Hypermastigida. Ni ma da aka bar ni da madubi kawai, haka zan raba su. Wa zai ga Pseudotrichonympha da Holomastigotoides a tumbi ɗaya, kowanne buzu-buzu, ya ce ba 'yan ɗaki ɗaya ba ne?

Kama da wane ba wane ba ne. Da aka fara karanta DNA ɗinsu sai gidan Hypermastigida ya rushe. Joenia, wanda ke da tulin bulala a ka kamar tuntu, ya fi kusa da Devescovina mai bulala huɗu a kan Trichonympha. Su biyun kuma, da masu cibiyoyi da yawa ɗin nan, reshensu yana kusa da Tritrichomonas foetus, ƙwayar da ke sa shanu ɓari. Holomastigotoides da danginsa masu murɗaɗɗen gashi reshensu daban, Trichonympha da Pseudotrichonympha nasu daban. A 2010 Ivan Čepička da Vladimír Hampl da Jaroslav Kulda a birnin Prague suka sake tsara babban gidan, wanda ake kira Parabasalia, suka raba shi aji shida. Abin da wannan ke nufi shi ne girman jiki da yawan gashi ba sau ɗaya suka ɓullo ba. Zuriyoyi daban-daban da suka samu kansu a tumbin gara, kowacce ta ƙara girma ta ƙara gashi a nata lokacin, tunda mai haɗiye gutsuren itace yana buƙatar jiki, mai jiki kuma yana buƙatar abin tuƙa shi a cikin kunun nan mai kauri.

Wani lokacin ma gashin ba gashi ba ne. Mixotricha paradoxa, da ke cikin garar Mastotermes ta arewacin Ostireliya, tsawonsa ya kai rabin milimita, kuma Jean Sutherland da ta bayyana shi a 1933 ta ga jikinsa lulluɓe da abin da ya yi kama da gashi mai kaɗawa. Sai a 1964 Cleveland da Grimstone suka nuna da madubin lantarki cewa bakteriya ne masu siffar murɗaɗɗen zare, dubu ɗaruruwa, suka kafa kai a jikinsa suna tuƙa shi. Nasa bulalin na kansa huɗu ne kacal.

Oxymonas ɗin da ka kankaro daga bango shi ba ma ɗan Parabasalia ba ne, gidansu Oxymonadida. Sun haɗa kaka da Parabasalia can nesa, a cikin wani babban tsatso da ya haɗa har da Giardia mai sa gudawa. Wani ɗan Oxymonadida, Monocercomonoides, shi ne aka tabbatar a 2016 cewa ba shi da maitokondiriya, wato ɓangaren da ke samar wa ƙwaya ƙarfi, ko burbushinta, abin da a da ake koyarwa cewa babu halitta mai cibiya da ta rasa. 'Yan Parabasalia su suna da wani abu a madadinta wanda ke fitar da iskar haidirojin. Wannan zance ne mai daɗi amma zai kai mu daji, mu koma kan aiki.

Ƙwaya ɗaya, ba kunun duka ba

In kana son bin salsala da gaske, sai an karanta DNA, kuma abin da na fi so ka riƙe shi ne wannan: ƙwaya ɗaya-ɗaya ake tsamowa. Mafi yawan waɗannan halittu ba sa rayuwa a kwalbar gwaji. Kaɗan ne aka taɓa iya renonsu a wajen gara, kamar Trichomitopsis termopsidis da Michael Yamin ya rena a 1978. In ka niƙa tumbin duka ka karanta, za ka samu jerin haruffa iri-iri amma ba ka san wanne ne na wa ba, ka tara sunaye babu fuskoki.

Ana ɗora siririn bututun gilashi a kan wuta a ja shi har bakinsa ya koma kamar gashi, a haɗa da 'yar tiyo. Da shi za ka zuƙo ƙwaya ɗaya kana kallo ta madubi, ka sake ta a sabon ɗigon ruwan gishiri, ka sake zuƙowa, sau uku, don ƙananan da ke maƙale da ita su zube. Ɗauki hotonta, sannan ka tura ta a 'yar kwalbar PCR ka daskarar. Lambar hoton da lambar kwalbar su zama ɗaya. Hannu yana rawa a kwanakin farko, kuma za ka fasa da yawa. Fara da manyan, ka yi da safe kafin ka sha shayi mai ƙarfi.

PCR ɗin nan shi ne dai wanda kowa ya ji sunansa lokacin korona, injin da ke kwafar guntun DNA sau miliyoyi. Guntun da ake nema sunansa 18S, yana cikin kowace halitta mai cibiya, tsawonsa a 'yan Parabasalia haruffa kusan 1,500 ne. An zaɓe shi saboda wasu sassansa da ƙyar suke sauyawa, sun dace da gano kakanni na nesa, wasu kuma suna saurin sauyawa, sun dace da raba 'yan'uwa na kusa. Abin da injin ya kwafo ana aika shi wurin masu na'urar karanta haruffa, su dawo maka da saƙo ta imel. Haka za ka yi wa ƙafa ko kan ɗaya daga garar, a karanta wani guntun DNA nata mai suna COII, don a tabbatar da nau'inta. Don wannan ka ajiye wasu a etanol mai ƙarfi, kashi 95 ko sama.

Daga nan sauran aikin kwamfuta ne, kuma kyauta ne. Liƙa haruffanka a shafin intanet na BLAST, zai binciko GenBank, rumbun haruffan DNA na duniya, ya nuna maka waɗanda suka fi kama da naka. Kada ka tsaya a na saman jerin ka ce ka samu suna, kamanni ne kawai ya auna. Sauke talatin ko arba'in daga kowane aji na Parabasalia, ka ƙara biyu ko uku na bare, misali 'yan Oxymonadida, su zama saiwar bishiyar. Jera su da manhajar MAFFT, ka buɗe ka duba da idonka, ka yanke wuraren da jerin ya rikice. Sannan ka ba manhajar IQ-TREE ko MEGA ta zana bishiyar salsalar.

Karanta bishiyar shi ne inda ɗalibai suka fi ba ni wahala. Ba wanda ke kusa da wani a gefen takarda ne ɗan'uwansa ba. Bi reshen kowanne baya har inda suka haɗu, mahaɗar nan ita ce kakan, kuma wanda kuka haɗu a kusa ya fi wanda kuka haɗu a nesa, kamar yadda ɗan baffanka ya fi jikan ƙanin kakanka kusa da kai ko da shi ne maƙwabcinka. A kowace mahaɗa akwai lamba. Kwamfutar tana sake cakuɗa bayanan sau ɗari ko dubu ta ga sau nawa mahaɗar ta dawo. In lambar ta gaza 70, ni ba na kafa magana a kanta.

Sai tarko na ƙarshe, dogon reshe. Zuriyar da DNA ɗinta ya yi saurin sauyawa tana fitowa da dogon reshe, kuma kwamfuta tana da halin jan dogayen rassa wuri ɗaya, ko ta tura su gindin bishiya kusa da bare, ba don suna da dangantaka ba. Bishiyoyin farko na 18S sun ajiye Trichonympha da danginsa a gindi, har aka fara tunanin cewa kakan Parabasalia ƙato ne mai gashi, ƙananan ne suka sauƙaƙa daga baya. Da aka ƙara wasu guntayen gado aka haɗa, sai hujja ta karkata ga cewa kakan ƙarami ne mai 'yan bulala. Saboda haka in ka ga dogon reshe ya zauna a gindin bishiyarka, cire shi ka sake zanawa, ka ga ko sauran sun motsa.

Kada kuma ka yi mamaki in ƙwayoyi biyu da ka rantse iri ɗaya ne suka fito da haruffa daban. A garar Zootermopsis ta yammacin Amurka ta Arewa, Harold Kirby ya lissafa Trichonympha iri uku tun a 1932, aka zauna a kan haka shekara tamanin. A 2013 masu bincike a Vancouver ta Kanada suka bi su ƙwaya-ƙwaya, suka tarar da na huɗu yana ɓoye a cikinsu.

Bishiya biyu fuska da fuska

Yanzu mu dawo kan tsotson nan. Tunda furotozowan ba sa rayuwa a waje, kuma daga duburar 'yar'uwa zuwa bakin 'yar'uwa suke wucewa, shinge kuma ya tashi da su a cikinsa ya je ya kafa sabon gida, to gado ne na gidan gara, kamar yadda sana'ar ƙira ke bin gidan maƙera. In haka ne, bishiyar furotozowa ya kamata ta yi kama da bishiyar gara. Hanyar gwadawa ita ce ka zana ta gara a hagu, ta furotozowa a dama, ka ja layi daga kowace gara zuwa abin da ke cikinta. In layukan sun tafi a jere ba su giciye juna ba, tare suka rarrabu.

Masu bincike a Japan, Satoko Noda da Moriya Ohkuma da abokan aikinsu, sun yi wannan a 2007 da Pseudotrichonympha da gidan garar da a lokacin ya haɗa Coptotermes da Psammotermes. Layukan suka tafi kusan a jere. Har suka ƙara bishiya ta uku, ta wata bakteriya da ke zaune a cikin jikin Pseudotrichonympha ɗin, ita ma ta bi sahu. Daga baya aka karanta DNA ɗin bakteriyar gaba ɗaya aka ga tana iya kamo naitirojin daga iska, abin da itace ba ya da shi sosai. Gara a cikin katako, furotozowa a cikin gara, bakteriya a cikin furotozowa, kowanne yana ci daga hannun wani.

Gadon ya ma girmi garar kanta. Akwai wani kyankyaso mara fiffike mai cin ruɓaɓɓen itace, Cryptocercus, a duwatsun Amurka da Sin da Koriya, wanda cikinsa ke ɗauke da Trichonympha da danginsa. Cleveland ya yi dogon rubutu a kansa a 1934. Binciken DNA ya nuna shi ne mafi kusa da gara a duk ƙwari, kuma a 2007 Daegan Inward da George Beccaloni da Paul Eggleton a Landan suka fito fili suka ce gara kyankyaso ce da ta koyi zaman jama'a. Kakan da suka haɗa, shekaru sama da miliyan 150 da suka wuce, shi ya bar musu waɗannan baƙi a ciki. An ma samu gara a cikin ƙaro da ya daskare ya zama dutse a Myanmar, mai shekaru kusan miliyan 100, cikinta a fashe, ana iya ganin furotozowan a gefenta.

Amma layukan ba kullum suke tafiya a jere ba, kuma inda suka giciye nan ne labari yake. Reticulitermes, garar da Leidy ya duba, tana ɗauke da Pyrsonympha da Dinenympha da Trichonympha, abin da danginta na kusa irin su Coptotermes ba su da shi. Tarin baƙinta ya fi kama da na Hodotermopsis, wata gara ta gabashin Asiya da ba ta da kusanci da ita. Bayanin da masana suka fi karkata gare shi shi ne wata kakarta ta samo su daga waccan zuriyar, wataƙila ta hanyar cin gawar abokiyar faɗa a cikin kututture ɗaya. In ka ga irin wannan giciye a naka zanen, fara da zargin kanka: ka wanke matsefatar tsakanin gara da gara? Ka tabbata kwalaben ba su cakuɗe ba? Ni sau ɗaya na yi murnar gano abin mamaki na kwana biyu, ashe lakabi na musanya.

Mafi yawan haruffan da za ka tarar a GenBank daga garar Japan da Amurka da Ostireliya aka ciro su, domin can masu aikin suka fi yawa. In ka tsamo Pseudotrichonympha daga garar yashi ta Damagaram ko Devescovina daga tsohuwar ƙofa a Lakwaja, ka haɗa da hoto da bidiyo da sojoji a kwalba da sunan gari, ka riƙe abin da ya cancanci a ɗora a rumbun.

Katakon da ya rage kuma kada ka kai shi gida. Cryptotermes ba ta buƙatar ƙasa ko ruwa, shinge biyu sun isa su kafa gida a ƙafar gado. Guntun kujerar nan na taɓa ajiyewa a kan kabad ɗin ɗaki na kwana uku, a cikin kwalba mai murfi, sai uwargida ta ga garin acca a gindin kwalbar ta tambayi ko mene ne. Da na yi mata bayani, ba ta ce komai ba, ta ɗauki kwalbar da tsumma ta ajiye mini a kan sirdin babur. Tun daga ranar a ɗakin gwaji suke kwana, a kwalbar gilashi mai murfin ƙarfe, kuma in na gama da katako ƙona shi nake yi.